Sunan aji kawai nake da shi: yaya zan gane ko ya bi intafes ɗina a Java?

"Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta wani shiri da Java mai fitar da rahoto a sigogi daban-daban. Na yi intafes mai suna `MaiFitarwa`, kuma duk ajin da zai fitar da rahoto dole ya bi shi. Sunayen azuzuwan suna cikin fayil ɗin saiti, shirin yana karanta su yana loda su da `Class.forName`. Kafin in yi aiki da aji ina so in tabbatar ya bi `MaiFitarwa`. Na ɗauko `getInterfaces()` ina kwatanta sunaye, ya yi daidai a kan `FitarCsv`, amma ya ƙi `FitarPdf` wanda ya gaji `TushenFitarwa`. Sai na gwada `aji.isAssignableFrom(MaiFitarwa.class)`, shi kuma kullum `false` yake ba ni. Ina kuskuren yake?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kurakurai biyu ne, kuma babu wanda ya haifi wani. A gwajin farko ka yi wa Java tambayar da ba ita kake nufi ba, a na biyu ka yi tambayar da ta dace amma ka juya ta baibai. Abin da kake nema shi ne: ga aji a hannuna wanda ban san shi ba sai da shirin ya fara gudana, shin idan na gina objek daga gare shi zan iya riƙe shi a matsayin `MaiFitarwa`? Injin Java ya riga ya san amsar, domin ita ce lissafin da yake yi duk lokacin da ka rubuta `instanceof`. Aikinka kawai ka tambaye shi ta ƙofar da ta dace.

Wannan dabara ta shiri ya riƙa bincika azuzuwansa yana cikin gudu ita ake kira riflekshan, kamar mutum ya tsaya gaban madubi yana duba kansa. Tun JDK 1.1 a 1997 take cikin Java, kuma metod ɗin da kake buƙata tun a lokacin yake nan:

```java
Class<?> aji = Class.forName(suna);
boolean yaBi = MaiFitarwa.class.isAssignableFrom(aji);
```

Intafes a hagu, ajin da ake tuhuma a dama. Hanya mafi sauƙi ta riƙe wannan ita ce ka karanta layin kamar `MaiFitarwa m = objek;`. Wanda ke hagun alamar daidai shi ne mazubi, wanda ke dama shi ake zubawa, kuma haka suke tsayawa a `isAssignableFrom`. Yadda ka rubuta naka, tambayar ta koma: shin kowane `MaiFitarwa` zai shiga mazubin `FitarPdf`? Ba zai shiga ba, shi ya sa kake ta samun `false`. Juyayyen layin ba ya ba da `true` sai a wurare uku: idan ajin shi ne `MaiFitarwa` kansa, ko `Object`, ko wani intafes da `MaiFitarwa` ya gada. Wato duk inda zai ce e, wurin da ba ka so ne. Kamfaila, wato mai fassara kod ɗinka yana duba kurakurai, shi kuwa ba zai yi maka ko tari ba, tunda ɓangarorin biyu duk `Class` ne. Kusan kowa ya taɓa juya wannan layi, kuma .NET ma sai da ta ƙara `IsAssignableTo` a siga ta 5 don a riƙa karanta shi daga ƙarami zuwa babba.

Idan objek ne a hannunka ba aji ba, ba ka buƙatar riflekshan sam. `objek instanceof MaiFitarwa` ya wadatar, kuma daga Java 16 za ka iya rubuta `objek instanceof MaiFitarwa m` ka ci gaba da aiki da `m` kai tsaye. Idan intafes ɗin ne ba ka sani ba sai lokacin gudu, akwai `intafes.isInstance(objek)`. Bambanci ɗaya da ke cizo: `instanceof` da `isInstance` suna mayar da `false` idan aka ba su `null`, amma `isAssignableFrom(null)` jefa `NullPointerException` yake yi.

Abin da getInterfaces ke faɗa da abin da yake ɓoyewa

`getInterfaces()` ba ya bin salsala. Abin da aka rubuta bayan kalmar `implements` a kan wannan ajin kaɗai yake kawowa, a jeren da aka rubuta su. `FitarCsv` ya ce `implements MaiFitarwa` da bakinsa, sai ka gan shi. `FitarPdf` kuwa cewa ya yi `extends TushenFitarwa`, ubansa ne ya ɗauki alkawarin shi kuma ya gada, don haka jerinsa fanko ne. Za ka iya ganin haka a laburaren Java kanta. `Stack.class.getInterfaces().length` sifili ne, alhali `Stack` cikakken `List` ne ta hanyar ubansa `Vector`. `ArrayList` kuma guda 4 yake nunawa: `List`, `RandomAccess`, `Cloneable` da `Serializable`. Babu `Collection` a ciki, babu `Iterable`, domin su `List` ne ya gaje su. Ka ga ke nan gado ta hanyoyi biyu yake ɓuya: ta uban aji, da kuma ta uban intafes.

Kwatanta sunaye shi ma wata matsala ce ta daban. Idan `getSimpleName()` kake kwatantawa, ka sani a cikin JDK kaɗai akwai `org.w3c.dom.Document` da `javax.swing.text.Document`, duka biyun intafes ne, kuma babu abin da ya haɗa su sai suna. Ko cikakken suna ka kwatanta, ranar da wani ya sauya wa intafes ɗin suna ko ya mayar da shi wani fakiti, rubutun da ke cikin alamar zance ba lallai ya bi sauyin ba, sai binciken ya riƙa cewa a'a shiru ba tare da kuskure ba.

Akwai lokacin da da gaske cikakken jerin kake so, misali don ka buga shi a log ko ka yi wa aji rajista ƙarƙashin kowane intafes da ya bi. A nan sai ka taka salsalar da kanka:

```java
static void tara(Class<?> aji, Set<Class<?>> jaka) {
    for (Class<?> a = aji; a != null; a = a.getSuperclass()) {
        for (Class<?> i : a.getInterfaces()) {
            if (jaka.add(i)) {
                tara(i, jaka);
            }
        }
    }
}
```

`getSuperclass()` yana mayar da `null` a kan `Object` da kuma kan kowane intafes, don haka zagayen yana tsayawa da kansa. `jaka.add` ne ke hana maimaici idan intafes ɗaya ya ɓullo ta hanyoyi biyu. Idan Apache Commons Lang yana cikin aikinka, `ClassUtils.getAllInterfaces` yana yin wannan. Amma don amsar e ko a'a kawai, kada ka wahalar da kanka da wannan.

Ya bi intafes, amma zai ginu?

Tsugune ba ta ƙare ba ko da layin ya ce `true`. `MaiFitarwa.class.isAssignableFrom(TushenFitarwa.class)` zai ce `true` ko da `TushenFitarwa` ajin `abstract` ne wanda ba a gina objek daga gare shi. Haka ma idan wani ya rubuta sunan `MaiFitarwa` kansa a fayil ɗin saiti. Tunda burinka ginawa ne, ga yadda ya kamata aikin ya kasance gaba ɗaya:

```java
static MaiFitarwa gina(String suna, ClassLoader loda)
        throws ReflectiveOperationException {
    Class<?> aji = Class.forName(suna, false, loda);
    if (!MaiFitarwa.class.isAssignableFrom(aji)) {
        throw new IllegalArgumentException(suna + " bai bi MaiFitarwa ba");
    }
    if (aji.isInterface() || Modifier.isAbstract(aji.getModifiers())) {
        throw new IllegalArgumentException(suna + " ba ya ginuwa");
    }
    return aji.asSubclass(MaiFitarwa.class)
              .getDeclaredConstructor()
              .newInstance();
}
```

Ka lura da `false` ɗin da ke cikin `Class.forName`, ba ado ba ne. `Class.forName(suna)` mai ɗaukar suna kaɗai yana loda ajin kuma nan take ya gudanar da duk wani ɓangaren `static` da ke cikinsa. Ma'ana kod ɗin ajin da ba ka tantance ba ya riga ya gudana kafin ka kai ga tambayar ko ya bi intafes. Idan mai rubuta fayil ɗin saiti ba kai kaɗai ba ne, wannan ƙofa ce a buɗe. Da `false` ana loda ajin ne kawai, ba a tashe shi sai an zo ginawa, kuma `isAssignableFrom` ba ya buƙatar a tashe shi.

`asSubclass` yana mayar da `Class<?>` zuwa `Class<? extends MaiFitarwa>`, sai abin da aka gina ya fito da nau'insa ba tare da tilasta shi ba. Shi kansa yana yin binciken, yana jefa `ClassCastException` idan ajin bai dace ba, don haka wasu sukan bar `if` na farko. Na fi son a bar shi, saboda saƙon kuskuren da ka rubuta da hannunka ya fi yi wa mai gyaran saiti amfani. Kada kuma ka yi amfani da tsohon `aji.newInstance()`. Tun Java 9 aka yi masa alamar a daina, domin yana barin kuskuren da magini (constructor, wato kod ɗin da ke gina objek) ya jefa ya wuce ba tare da kamfaila ya sani ba. Sabuwar hanyar tana naɗe shi cikin `InvocationTargetException`, sai ka kira `getCause()` ka ga ainihin abin da ya faru.

Sauran abubuwan da kan karye a nan ba su da yawa. Idan ajin ba shi da magini marar karɓar komai, `NoSuchMethodException` za ka gani. Idan aji ne a cikin wani aji kuma ba a sa masa `static` ba, maginin nasa a ɓoye yana neman objek na ajin waje, sai ka sami wannan kuskuren alhali a ido babu abin da yake karɓa. Sunan irin wannan aji kuma da alamar dala ake rubuta shi, `fakiti.Waje$Ciki`, ba da ɗigo ba. Sannan idan ajin ya dogara da wani laburaren da babu shi, abin da zai fito `NoClassDefFoundError` ne, wanda `Error` ne ba `Exception` ba. `catch (Exception e)` ba zai kama shi ba. Idan kana so aji ɗaya da ya lalace kada ya kayar da shirin duka, ka kama `LinkageError` ma.

Idan komai daidai ne amma har yanzu false

A nan gizo ke saƙar, kuma wannan ne ke cinye wa mutane yini guda. Ka gyara jeren, ka buɗe kod ɗin ka ga `implements MaiFitarwa` ƙarara, amma amsa `false`. A wajen injin Java, aji ba sunansa kaɗai ba ne: suna ne haɗe da lodar da ta ɗauko shi (`ClassLoader`, wato abin da ke shigo da aji cikin injin). Idan loda biyu daban suka ɗauko `MaiFitarwa`, ko da daga fayil iri ɗaya har baiti na ƙarshe, intafes biyu ne da ba su san juna ba. `FitarPdf` ya bi na lodarsa, kai kuma kana tambaya da na taka. Alamarsa ita ce `ClassCastException` mai cewa ba za a iya mayar da ajin zuwa intafes ɗin da kake ganin ya bi ba, wani lokaci ma sunan da ke ɓangarorin biyu ɗaya ne. Sababbin sigogin Java suna ƙara sunayen lodojin a cikin saƙon, ka karanta shi har ƙarshe.

Yadda abin ke faruwa shi ne, a bisa al'ada loda takan fara tambayar uwarta, wato lodar da ke samanta, kafin ta nemi aji da kanta. Muddin uwar tana da `MaiFitarwa`, kowa kwafi ɗaya zai samu. Matsalar takan zo ne idan ka gina `URLClassLoader` ka ba ta `null` a matsayin uwa, ko idan shirin yana gudana a cikin sabar irin Tomcat, inda lodar kowace manhaja kan fara duba nata kafin ta tambayi sama, kuma aka yi rashin sa'a fayil ɗin jar (ƙunshin azuzuwa) na ƙarin, wato azuzuwan da ake kawo wa shirin daga waje, yana ɗauke da kwafin intafes ɗin a cikinsa. Gano shi layi biyu ne: ka buga `MaiFitarwa.class.getClassLoader()`, sannan ka ɗauko intafes mai wannan suna daga jakar da `tara` ta cika ka buga lodarsa. Idan sun bambanta, ka kama ɓarawon. Idan kana son sanin daga wane fayil kowanne ya fito, `getProtectionDomain().getCodeSource()` zai nuna maka, sai dai yakan dawo da `null` a kan azuzuwan gindin JDK.

Maganin ba a layin bincike yake ba, a tsarin haɗa shirin yake. Ka ware intafes ɗin a jar nasa shi kaɗai, babban shiri ya loda shi, masu rubuta ƙari kuma su dogara da shi wajen kamfail kawai: `provided` a Maven, `compileOnly` a Gradle. Sai ka ba `URLClassLoader` ɗinka `MaiFitarwa.class.getClassLoader()` a matsayin uwa. Na ga masu komawa kwatanta sunaye don su kauce wa wannan. Binciken zai wuce, sai shirin ya faɗi a layi na gaba wajen mayar da objek ɗin, domin injin bai sauya ra'ayi ba. Ban ga yadda kake loda azuzuwanka ba, don haka ba zan ce wannan ya same ka ba. Idan duk suna cikin jar ɗaya da babban shirin, ka tsallake shi.

Wani dalili mai sauƙi: Java da suna take aiki ba da kama ba. Ajin da ke da duk metod ɗin `MaiFitarwa` amma bai furta `implements` ba, kuma bai gada ba, bai bi shi ba. A yaren Go ne kama ta wadatar, inda `Implements` ke duba jerin metod kawai.

Idan intafes ɗin jenerik ne

A ce gobe ka mayar da intafes ɗin jenerik, wato mai ɗaukar nau'i a cikin kusurwoyi, kamar `MaiFitarwa<T>`, kana son sanin ko ajin `MaiFitarwa<Rasit>` ne ko `MaiFitarwa<Jadawali>`. `isAssignableFrom` ba zai raba maka su ba. Tun da aka kawo jenerik a Java 5 a 2004, kamfaila goge nau'in da ke cikin kusurwoyi yake yi, babu ma abin da ake kira `MaiFitarwa<Rasit>.class`. Abin da ya rage shi ne abin da aka rubuta a kan sanarwar ajin, wanda ake ajiyewa a fayil ɗin `.class`. `getGenericInterfaces()` zai ba ka shi: ka duba wanda yake `ParameterizedType`, ka kwatanta `getRawType()` da `MaiFitarwa.class`, ka ɗauki `getActualTypeArguments()[0]`.

Wannan ma ba ya bin gado, kuma a nan abin ya fi wuya. Idan `TushenFitarwa<T> implements MaiFitarwa<T>` sannan `FitarPdf extends TushenFitarwa<Rasit>`, da ka hau wurin uban `T` kawai za ka tarar, sai ka dawo ta `getGenericSuperclass()` ka gano cewa `T` ɗin `Rasit` ne, kuma haka a kowane hawa. Ba na ba da shawarar rubuta wannan da hannu. `TypeToken` na Guava yana yi, Spring ma yana yi da `ResolvableType.forClass(aji).as(MaiFitarwa.class).getGeneric(0).resolve()`. Lambda kuwa ba ta ajiye wannan bayani ko kaɗan. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ka sa wa intafes ɗin metod kamar `Class<T> nauin()`, kowane aji ya faɗi abin da yake karɓa da bakinsa.

Ga mai zuwa daga C#, abubuwa biyu sun sha bamban. A can `GetInterfaces()` yana kawo duka har da na gado, shi ya sa kod ɗin da aka kwafo tsarinsa daga C# kan karye a Java daidai yadda naka ya karye. Sannan jenerik a can ba a goge shi, don haka `typeof(IEnumerable<int>).IsAssignableFrom(typeof(List<int>))` yana cewa `true`, amma buɗaɗɗen `typeof(IEnumerable<>)` yana cewa `false`, sai ka bi jerin kana kwatanta `GetGenericTypeDefinition()`.

Ko ma ka bar wa Java aikin

Abin da kake ginawa Java tana da shi tun siga ta 6, sunansa `ServiceLoader`. A cikin kowane jar sai a sa fayil a `META-INF/services/` mai ɗauke da cikakken sunan intafes ɗin, a cikinsa a jera sunayen azuzuwan, kowanne a layinsa. Yayin da kake bin abin da `ServiceLoader.load(MaiFitarwa.class)` ya mayar, zai loda su, ya tantance sun bi intafes, ya gina su, ya jefa `ServiceConfigurationError` a kan wanda bai dace ba. Daga Java 9 akwai `stream()`, wanda ke ba ka damar duba `type()` na kowanne kafin a gina shi. Idan mai amfani ne ke zaɓar siga ɗaya daga fayil ɗin saiti, ka sa wa intafes ɗin metod `suna()` mai mayar da "csv" ko "pdf", saitin ya riƙa ɗaukar wannan gajeren suna maimakon sunan aji. Ta haka babu wanda zai iya sa shirinka ya loda ajin da ba a yi wa rajista ba.

Batun sauri kada ya dame ka. `isAssignableFrom` ba shi da nauyi. `Class.forName` da neman magini su ne masu ɗan tsada, sai ka yi su sau ɗaya lokacin tashin shirin ka ajiye sakamakon a `Map`.

Iyakar wannan bincike duka ita ce, yana tabbatar da an ɗauki alkawari ne, ba an cika shi ba. `List.of(1, 2)` cikakken `List` ne ta kowane gwaji, amma ka kira `add` a kansa ka ga `UnsupportedOperationException`. Wanda ya fi kusa da aikinka shi ne na siga. A ce wani ya kamfail `FitarPdf` a kan `MaiFitarwa` na bara, kai kuma bana ka ƙara wa intafes ɗin sabon metod. Ajin zai lodu, `isAssignableFrom` zai ce `true`, objek zai ginu, sai ranar da aka kira sabon metod ɗin `AbstractMethodError` ya fito. Idan azuzuwan nan wasu ne ke rubuta su suna kawo maka jar, duk metod ɗin da za ka ƙara wa `MaiFitarwa` nan gaba ka sa masa `default` da jiki mai ma'ana, wanda Java 8 ta kawo a 2014, ko kuma ka buɗe sabon intafes `MaiFitarwa2 extends MaiFitarwa` ka riƙa tambayar objek ɗin da `instanceof` kafin ka kira sabon aikin.